Mun Tafi Ganin Giwa, Mun Ƙare a Tumbinta

Duk wanda ya yi jami'a ya san akwai lokacin da aljanin yawon buɗe ido yake shiga aji. Yawanci a zangon ƙarshe ne, sa'ad da kowa ya tuna shekara huɗu ta wuce bai ga komai ba sai allo da ƙeyar na gabansa. Namu aljanin ta bakin shugaban aji ya shigo, wani siririn saurayi mai son a ce masa "Shugaba" ko a layin ƙosai ne. Ya hau benci ya ce Yankari za mu. Mu ga giwa ido da ido, mu yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, mu dawo da labari. Aji ya kaure da tafi, hannu ya fi saba'in a sama.

Da aka zo karo-karo sai hannayen suka koma aljihu suka ƙi fitowa. Wani ya ce sabis ne babu, wani ya ce ai ya ba ma'aji, ma'aji ya rantse bai gan shi ba. Mafi yawa dai amsarsu ɗaya: "Rubuta ni." Ban san wanda ya ƙirƙiro "rubuta ni" ba, amma ta kashe adashi da gudummawar biki fiye da yadda fara ta cinye gero. Mutum 19 suka biya. Ranar tafiya 34 suka zo, kuma waɗanda ba su biya ba su ne suka kama kujerun bakin taga.

An ce ƙarfe 6 na safe. Shugaba ya san halinmu, shi ya sa ya ce 6 don a tashi 8. Mu ma mun san nasa, muka zo 9. Direba kuwa ya san mu duka, sai 10 da rabi ya ɓullo da wata doguwar bas wadda aka ɗaure ƙofarta da igiya. Ya ce, "Samari, ku kwantar da hankalinku, motar nan ta fi ni sanin hanyar Bauchi." Wataƙila shi ya sa ta ƙi zuwa. Lissafin shi ne mu bi ta Wudil, mu ratsa Birnin Kudu da Ningi. A Mariri, daidai kasuwar goro, ta yi tari sau uku ta ce ga garinku nan.

In kana son ka san yawan masana a ƙasar nan, buɗe gaban mota a bakin titi. Ɗan sashen tarihi ya leƙa ya ce fulogi ne. Mai karatun shari'a ya goyi bayansa da hujjoji. Sai da yaron mota ya gama saurare cikin ladabi sannan ya ce, "Yallaɓai, ai ta gas ce, ba ta da fulogi." Direba ya tare ɗan sahu ya ce zai je Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, yanzu zai dawo. Muka zauna muna jiran "yanzu" har aka kira azahar.

To me ya hana kowa komawa gida? Kunya. Kowa ya riga ya shaida wa unguwarsu zai tafi Yankari. Uwa ta yi addu'a ta soya kaza, ƙanne sun ba da saƙon hoton biri, an riga an ɗora "sai mun dawo" a WhatsApp. Akwai wanda ya aro madubin hangen nesa, ya kifa malafa a kan sabuwar farar shadda. Wannan ina zai shiga layinsu da rana tsaka?

Wata 'yar ajinmu da ta zo karatu daga Inugu ce ta fid da mu. Ta ce tun zuwanta take son hawa Dala, tunda ga 'yan gari sai su kai ta. Muka haɗa baki, "Ai nan kusa ne!" Ta tambaya wa ya taɓa hawa. Tsit. Har da wani da aka yanke wa cibi a Gwammaja, wanda kullum in ya fito alwala dutsen yake fara gani. Ya ce shi dai bai taɓa samun lokaci ba. Shekararsa 24.

Muka cika 'yan sahu kamar masu rakiyar amarya, kulolin abinci a cinya, jarkar zoɓo a ƙafa. Ita baƙuwar ce a gaba, ta ce a fara tsayawa a marinar Ƙofar Mata. Wurin nan babu wanda bai wuce ta gabansa sau ɗari ba a cikinmu, amma ita ce ta gaya mana tun 1498 ake rini a nan. Muka sami wani dattijo zaune a bakin rijiyarsa, hannuwansa sun rine har wuyan hannu, rinin da sabulu ya daɗe da sallamawa. Baba da toka ne a ruwan, sai kumfa a kai da wani wari mai shiga ƙwaƙwalwa. Ya tsoma ƙyalle ya ɗago, muka ga ya fito kore-kore, kafin ka ce kwabo yana komawa shuɗi a idonmu. Ɗan sashen kimiyya ya gyara murya ya fara bayani da Turanci mai tsawo. Dattijo ya jira ya gama, ya ce, "Mu iska muke ce mata, ɗana." Sannan ya dubi mai malafa da madubinsa ya tambaye shi daga wace ƙasa. Ya ce, "Baba, daga Fagge." Tsoho ya yi dariya har ƙyallen ya suɓuce, farar shadda ta samu rabonta na tarihi, kyauta.

A Gidan Makama, inda Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarautar Kano a 1463, mun fi daɗewa wajen neman ragin kuɗin shiga fiye da kallon kayan da ke ciki. "Haba Malam, ɗalibai ne fa," in ji mai riƙe da wayar da ta fi albashin mai tikitin. Da muka shiga, kowa ya juya wa kayan tarihi baya ya ɗaga waya. Na tabbata tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da ke ajiye a can sun ga ƙeya a ranar fiye da fuska.

Kasuwar Kurmi kuwa, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take ci, haɗiye mu ta yi. Lungu ya miƙa mu ga lungu, daga masu jima zuwa masu turare, daga masu linzami da sirdi zuwa masu kayan yaji. Mutum biyu suka ɓace, 'yan asalin gari, sai wani yaro mai tallan ruwa ne ya fito da su. Mai malafa ya sayi takalmin fata a farashin baƙi, duk da ya yi ta rantsuwa da unguwar kakansa.

Sai bayan la'asar muka isa Dala. Samarin da suka yi alkawarin tsayawa gaban giwa ba gezau, tun a tsakiyar matakala suka fara neman wurin zama, wai suna jiran mata. Matan kuwa suna can sama sun buɗe kula. Yaran unguwa suka kewaye mu da labarin Barbushe da Tsumburbura, kowa da irin nasa, kowanne kuma da kuɗinsa. Amma gani ya kori ji. Ga Goron Dutse can ya yi tsaye, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin gidaje sun bazu har inda ƙura ta tare ido, ga kiran salla yana tasowa daga kowace kusurwa, wani na bin wani. Mutumin Gwammaja ya gano rufin gidansu, har da shanyar da aka yi da safe. Ya yi shiru ya daɗe. Mai madubi ya duba gabas ya duba yamma, ya ba da rahoton namun dajin da ya hango: awaki uku da jaki ɗaya.

A nan muka cinye kajin Yankari. Muka kuma yi yarjejeniya kada kowa ya shiga gida kafin isha, don a ga alamar doguwar tafiya a jikinmu. Da na shiga, Inna ta ce, "Kun ga giwar?" Na ce mun shiga har tumbinta. Ta ce Allah ya tsare, ta ƙara mini tuwo.

Ranar Litinin aka kira taron gaggawa a kan kuɗin mota. Direba ya aiko cewa rabi ya tafi a mai, rabi a gyara, shi ma a tausaya masa. Aka kafa kwamitin bincike, aka ce kowa ya kawo wani abu na kuɗin zirga-zirgar 'yan kwamiti. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, yana dukan benci yana cewa sai an dawo masa da haƙƙinsa ko a haɗu a gaban Allah, ma'aji ya buɗe littafi ya duba sunansa. A gabansa an rubuta: "rubuta ni."