Yadda Na Tashi Matacce Bayan Sallah

Baffa ne ya ja mini, shi da labarinsa na silimar Plaza. Duk ranar da aka sa fim ɗin Indiya a gidanmu, da zarar faifan farko ya ƙare talabijin ta koma shuɗiya, sai ya gyara zama ya fara. Wai su a zamaninsu, a can Fagge, majigi biyu ne a ɗakin sama, kafin zaren ɗaya ya ƙare an ta da ɗayan, ba ka ma sanin an canja. "Amma ku," in ji shi, "bos ya ɗaga bindiga, sai ku ce ya dakata a nemo faifai na biyu a ƙarƙashin katifa."

Ba ƙarya ya yi ba. Faifan VCD ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, fim ɗin Indiya kuwa in bai kai awa uku ba sai a ce rowa aka yi mana. Kowane fim faifai biyu ne ko uku, kuma a gidanmu ba a taɓa samun ukun a kwali ɗaya ba: na biyu yana ɗakin amarya, na uku an ara wa maƙwabta tun azumi.

A 2008 na sayi kwamfuta 'yar gwanjo mai ƙona faifai, na kuma gano cewa DVD guda, mai gigabait 4.7, zai haɗiye VCD wajen shida bai shaƙe ba. Daga nan kaina ya fashe. Na shelanta cewa kwana biyu bayan Babbar Sallah, in an gama suyar nama, zan buɗe silima a tsakar gida, awa shida cur, hannu ba zai taɓa na'ura ba. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai da ko rediyo ba ka iya kamo tasha ba?" Muka yi yarjejeniya a gaban shaidu: in na taɓa na'urar nan, kasona na soyayyen nama nasa ne.

Tsarin da na zana ko gidan talabijin sai haka. Gaisuwata ce a farko, ni da babbar riga ina yi wa jama'a barka da Sallah. Sai Hawan Daushen bara kashi biyu, sai fim ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro kashi biyu saboda yara, sai bikin ƙanwata kashi uku saboda mata. A ƙarshe, in dare ya yi sanyin Disamba ya sauko, sai Sholay, fim ɗin 1975 da Baffa ke rantsuwa da shi, mai Amitabh Bachchan da Dharmendra Sarkin Ƙarfi, faifai uku. Guntu goma sha ɗaya ke nan.

Wahalar farko a daren da na fara kwafa ta same ni. Ashe kusan duk faifan VCD na duniya suna ɗaya yake raɗa wa ɗansa: ka buɗe jakar MPEGAV, ka tarar da AVSEQ01.DAT. Na kwafe na farko lafiya. Da na sa na biyu, kwamfuta ta yi mini wata tambaya da Turanci. Ni kuwa tun a makaranta na koyi cewa in ba ka gane tambaya ba, ka ce eh. Haka na yi ta cewa eh har asuba, kowane sabon faifai yana danne na gabansa, ina murna wai kwamfutata ba ta cika da wuri. Da gari ya waye na duba, guntu ɗaya tak na tarar, kamun amarya.

Na sake daga farko, wannan karon ina ba kowane guntu lamba: 1, 2, 3, har 11. Faifan Ibro ya sha ƙarzuwa a hannun yara, na goge shi da makilin kamar yadda masana suka ce, ɗakin ya kwana yana ƙamshin na'a-na'a. Sau uku ana ɗauke wuta ina tsakiyar ƙonawa, kuma faifan da aka katse wa ƙuna ba ya komawa. Ukun nan ƙanena ya ɗaure su a bayan kekensa, suna walƙiya da dare. Na huɗu ya fita lafiya. Na sa shi, na ga fuskata da babbar riga, na kashe. Me zan tsaya dubawa kuma, ni da na ƙirga lambobin da hannuna?

Ranar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora talabijin a kan turmi biyu da katako, ƙaramin janareta yana kuka a zaure da galan ɗin fetur a gefensa. Don in nuna wa duniya ba wasa nake ba, na ɗauki rimot na miƙa wa Kaka. Ta ƙulle shi a haɓar zani ta ce, "Mai gidan, ko kuka ka yi ba zan ba ka ba." Salla kaɗai aka yarda ta tsayar da kallo, ita ma Kaka ce ke danna maɓallin ta cikin zanin.

Gaisuwata ta wuce, aka yi mini tafi. Ina jiran algaita da dawakin Sarki, sai na ga duwatsun Ramgarh da Indiyawa suna ta magana, magana irin ta mutanen da suka daɗe da sanin juna. Ba sunan fim, ba sunayen 'yan wasa. Cikina ya ba da ƙululu. Sholay ne, amma faifai na biyu.

Daga baya ƙanena ya yi mini bayani, yana cin namana. Na'ura ba ƙirga take yi ba, jera sunaye take yi harafi bayan harafi kamar rajistar aji. A wurinta duk abin da ya fara da ɗaya ɗan gidan ɗaya ne, don haka bayan 1 sai 10, sai 11, sannan a zo kan 2. Sifiri guda a gaban lambobi 1 zuwa 9, wato 01, 02, da ya raba ni da wannan abin kunya.

A lokacin dai ban san wannan ba, zufa kawai nake yi cikin hunturu. Abin da ya cece ni shi ne Baffa ya tsaya sallamar baƙo a ƙofar gida. Da ya shigo ya tarar an yi nisa, sai ya ɗora laifin a kan baƙon. "Mutumin nan ya cinye mini faɗan jirgin ƙasa," in ji shi, ya zauna yana ba mata labarin abin da ya ɗauka sun riga sun gani. Su kuma kunya ta hana su cewa ba su ga komai ba. Ni ma na ja bakina na tsuke.

Haka aka tafi. Aka ga yadda bos Gabbar Singh ya sare wa ɗan sanda Thakur hannuwa biyu, Kaka ta yi masa Allah ya isa. Aka zo inda jarumin fim ɗin, Jai, ya tsaya shi kaɗai a bakin gada yana musayar wuta, ya cika a hannun amininsa Veeru. Tsakar gida ta yi tsit, sai jan majina. Hawaye bai bushe ba sai ga algaita da tambari, ga 'yan lifida, ga dogarai da jajayen riguna, ga laimar Sarki Ado Bayero. Kaka ta goge ido ta ce, "Allahu akbar. Ashe yaron nan ɗan babban gida ne, har Kano aka ji mutuwarsa."

Baffa ya juyo ya dube ni. Na dubi janareta.

Ibro ya zo daidai lokacin da yaran da aka sa shi dominsu suka yi barci. Bikin ƙanwata ya zo, aka ga ni a bayan mawaƙa ina cusa cinyar kaza a aljihu, abin da shekara guda ina musantawa. A nan ne haƙurina ya ƙare, na rarrafa na kai hannu kan na'urar. Ban ma danna komai ba ƙanena ya yi kabbara, ya tashi ya nufi ɗakin da kwanon namana yake. Tunda nama ya riga ya tafi, na ce bari in danna ɗin, sai Kaka ta buge mini hannu da mafici. Ita bikin take kallo.

Wajen goma na dare guntu na 9 ya iso. Ga sunan fim, ga sunayen 'yan wasa, ga jirgin ƙasan Baffa. Ga kuma Jai, garau da shi, yana harbin 'yan fashi daga kan tarago, Thakur a gefensa da kakin 'yan sanda da hannuwansa biyu cif.

Kaka ta miƙe tsaye, ita da sai an kama ta take tashi. "Ya tashi! Wallahi ya tashi! Ku duba, hannuwan wancan ma sun tsiro!" Ta rangaɗa guɗa, matan gida suka amsa, yara suka farka suna kuka, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Na matsa kusa da Baffa na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, kuskure aka samu." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce sau bakwai ya kalli fim ɗin nan a Plaza, duk sau bakwai ɗin da baƙin ciki ya koma gida, sai yau.

Washegari na gyara lambobin, na sa sifirin, na ƙona sabon faifai mai tafiya daidai tun daga gaisuwa har mutuwar Jai. Sau ɗaya aka kalle shi. Kaka ta ce a cire mata wannan na 'yan baƙin ciki, a ɗauko wancan na mai gidanta, wanda yaron yake tashi.