Harba-ka-ruga Mai Ƙamshin Ƙosai

Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu take masa baya, kuma har yau hawan sallah ba ya cika sai an ji aman harba-ka-ruga. A 2024 ma UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Sai dai 'yan kallo ƙara suke ji, su ga hayaƙi. Ba mai lura da 'yan tarkacen icen da ke jikin ɗan bindiga: sandar ɗuri, ma'aunin albarushi, da matoshin ƙahon da ake zuba albarushin.

Kawuna yana cikin 'yan bindigar hakimin garinmu, kayansa kuwa na gado ne. Ƙotar bindigar ta maɗaci ce, matoshi da ma'auni na ƙirya, duk sun yi baƙi wuluk suna sheƙi saboda gumin hannu da ɗan man kaɗe da yakan shafa jefi-jefi. Ana jibi babbar sallah ya tafi kasuwar raguna, ya ce wa autansa ya goge masa kayan.

Gogewa kawai ya ce. Amma Auta ya taɓa ganin wani dattijon Ba'amurke a YouTube yana gyaran ice irin yadda maƙeran bindigogin Pennsylvania ke yi tun ƙarni na 18. Su can sukan shafa wa icen maple ruwan asid da aka narka ƙarfe a ciki, su gasa shi da zafi har ya yi ja mai duhu, sannan su bi shi da man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan tsiron da ake yin lilin da shi. Sirrin wannan mai shi ne in ya sha iska yakan daskare ya zama fata a jikin ice. Kaɗan ake shafawa, a goge, a jira aƙalla yini guda, a sake, har makonni. Tsumman da aka yi gugar ma ba a dunƙule shi a jefar, domin yakan ɗau zafi da kansa ya kama wuta. Duk wannan dattijon ya faɗa, amma da Turanci, kuma data ta ƙare kafin ya kai ƙarshe.

"Yaya, riƙe min wayar," in ji Auta. Aikina ke nan a wannan lamari, ina so a rubuta.

Ya sa samfefa ya kankare gumin kakanni tas, har icen ya yi fari. Ya nemi ruwan batir a madadin asid, mai cajin batir ya kore shi, sai ya kwaɓa lallen Inna ya lafta. Da ya je shagon fenti neman linsid aka ce ba su san shi ba, ya yanke hukuncin cewa mai ai mai ne. Ya ɗauko kaskon da Inna ta gama tuyar ƙosai, ya tsoma matoshi da ma'auni su kwana a ciki, ƙota da sanda kuma ya yi musu wanka.

Man gyaɗa ba ya daskarewa ko zai shekara. Da asuba kiyashi sun yi layi tun daga bakin zaure, ɓera ya gutsire gefen ma'auni, ragon da Kawu ya sayo kuwa ya tsinke igiya yana lasar ƙota. Kawu ya daɗe a tsaye.

"Auta, wa ya rasu ka sa wa bindigata lalle?"

"Baba, haka ake yi a Amurka."

Lokaci ya ƙure, aka goge abin da ya gogu aka fita hawa. Matoshi ya ƙi zama, Kawu na tafiya matoshin na tsalle yana ficewa kamar kwaɗo, man da ya sha kuma ya tsatsafa cikin ƙaho ya jiƙa albarushi. Sandar ɗuri ta suɓuce sau biyu, ƙurar dawaki ta manne wa ƙota, karnukan unguwa na biye da shi cikin ladabi. Da hakimi ya kawo kai, 'yan bindiga suka saki wuta, dim, dim, ƙasa na girgiza. Ta Kawu ta ce fus, ta yi ɗan hayaƙi mai ƙamshin karin kumallo. Wata tsohuwa a gefen hanya ta tambaya ko akwai na hamsin.

Masassaƙin da aka kai wa kayan bayan sallah ya ce a turbuɗe su cikin toka a riƙa shanyawa a rana har ta zuƙe man, kuma kada a sa rai kafin wata sallar. Kawu ya haƙura, Auta ya koma kwana gidan kakarsa. Inna ce dai ba ta yafe ba: ta ce kwalba biyu take bi, da lallen sallarta, kuma tunda Auta ba ya nan, wanda ya riƙe waya shi zai biya.