Ɗan Jaridar Gidanmu

A gidanmu a Kangire akwai ɗan jarida. Shekarunsa biyu da rabi, wando ma sai an yi kokawa yake sawa. Ni kaɗai ce majiyarsa, tunda tare muke wuni.

Ranar Juma'a surukata ta iso daga Birnin Kudu. Na durƙusa ina gaishe ta, sai ya leƙo ta bayan zanena.

"Umma, ita ce mai cinye mana nama?"

Na ce ai kyanwar maƙwabta yake nufi. Inna ta yi murmushi, ta ɗora shi a cinya, ta ɓare masa alewa.

"Zo nan, maigidana. Me kuma kyanwar take yi?"

Har la'asar suna hira. Tukunya ɗaya na wanke sau uku.