Yadda Manazarci Zai Zaɓi Rumbun Ambaton da Zai Fitar da Shi Kunya

Rumbun ambato kundi ne na intanet da ke tattara sunayen maƙalolin da mujallun ilimi suka buga, sannan ya ƙidaya sau nawa wasu marubuta suka ambaci kowace maƙala a cikin nasu ayyukan. Abu na farko da ya kamata sabon malamin jami'a ya sani, ya kuma nuna kamar tun fil azal ya sani, shi ne rumbun ba ya buga komai. Mujalla ce ke bugawa, shi kuwa rumbun nasa shi ne ya amince da mujallar ko ya juya mata baya. Saboda haka wanda ya shaida wa abokan aiki a ɗakin shan shayi cewa ya buga maƙala a rumbun Scopus ya yi kuskure, amma ba a so a gyara masa, domin kwamitin ƙarin girma ma haka yake faɗa.

Tushen al'amarin yana hannun Eugene Garfield, Ba'amurken da ya kawo shawarar ƙidayar ambato a 1955, ya kuma fitar da kundin farko na kimiyya a 1964, da niyyar taimaka wa masu bincike su gano wa ya ɗora a kan aikin wa. Jikan wannan kundi shi ne Web of Science, wanda kamfanin Clarivate ke riƙe da shi, kuma ya dace da manazarcin da Allah ya hore wa haƙuri, saboda ƙofarsa ƙunci gare ta. A nan ne ake samun ma'aunin tasirin mujalla, wato adadin ambaton da maƙalolinta na shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba shi da yawan maƙalolin. Ma'aunin na mujalla ne, ba na marubuci ba, amma babu laifi marubucin da ba a taɓa ambata ba ya riƙa faɗin lambar da alfahari. Scopus, wanda Elsevier ya buɗe a 2004, ya fi yalwar mujallu, kuma daga bayanansa ake kasa su rukuni huɗu, Q1 zuwa Q4, inda mai maƙala a Q1 yake sanya wannan a sa hannun wasiƙunsa, mai maƙala a Q4 kuma yake cewa kawai mujallar tana cikin Scopus, ya sauya zance.

Ƙa'idar zaɓin ba ta da wuya ga duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwa: mudu ya fi mudu, kuma mai sayarwa da ƙaramin mudu yake so a auna masa domin ƙirgen ya yi yawa. A wannan fuskar babu kamar Google Scholar, wanda shi ma ya fito a 2004, kyauta ne, kuma yana ƙidaya duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi, har da kundin digiri na ɗalibin da malamin ya duba, ya kuma tunatar da shi cikin ladabi cewa akwai maƙalolinsa da suka dace da babi na biyu. Lambar da ake nema ita ce ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, ma'anarsa kuwa ita ce mai lamba 10 yana da maƙala 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10. Karamcin Google Scholar ya tabbata a 2010, lokacin da Cyril Labbé, masanin kwamfuta a Faransa, ya ƙago wani marubuci mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙaloli marasa ma'ana da ke ambaton juna, har ma'aunin h na mutumin da babu shi ya kai 94, ya sha gaban Einstein. A 2024 aka maimaita gwajin da wani muzuru mai suna Larry, wanda ya samu lamba 11 kafin a goge masa ambaton. Babban malamin da ya tsaya a lamba 6 bayan shekaru yana koyarwa zai fi samun kwanciyar hankali idan bai karanta labarin ba.

Mai nazarin Hausa yana da tasa matsalar, domin Scopus yana sharaɗin take da tsakure su zo da Turanci, kuma shi da Web of Science sun fi karkata ga mujallun Turanci na Turai da Amurka. Maƙala a kan waƙoƙin Mamman Shata tana iya yawo hannu da hannu a Kano da Sakkwato da Zariya, ana kwafarta har rubutun ya dushe, amma a idon rumbun babu wanda ya taɓa ganinta. Irin wannan manazarci zai samu sauƙi a AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, ko a OpenAlex, rumbun kyauta da ya fito a 2022 bayan Microsoft ya rufe nasa, ko da yake sai ya tanadi bayani ga kwamitin da bai taɓa jin sunansu ba.

Akwai kuma mujallun da ke aiko da wasiƙa da tsakar dare, suna kiran mataimakin malami da farfesa, suna alkawarin tantance maƙala cikin kwana uku idan dala ta shiga asusu. Wani mai suna Jeffrey Beall ya riƙe jerin irin waɗannan masu buga mujallu har zuwa Janairun 2017, amma rufe jerin bai rage musu kasuwa ba. Hanyar tsira ita ce a nemi sunan mujallar da lambarta ta ISSN a shafin rumbun kansa, ba a shafin mujallar ba, domin tambarin Scopus hoto ne da kowa zai iya liƙawa. Ana kuma shawartar manazarci ya ɗauki hoton shafin a ranar da ya gani, ya buga shi a takarda, domin Scopus kan sallami mujallun da suka lalace, kuma wani lokaci sallamar takan zo ne tsakanin biyan kuɗi da fitowar maƙala. Bayan duk wannan sai ya je ofishin rajistara ya karɓi ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arsa, inda zai tarar an riga an zaɓar masa rumbun tun kafin a ɗauke shi aiki, kuma duk da haka ana buƙatar kwafin kowace maƙala a takarda, a ɗaure da bango mai ƙarfi.