Malam Google Ya Fara Ba Da Fatawa

Da can Malam Google mutum ne mai kawaici. Ka tambaye shi abu, ba zai ce komai da bakinsa ba, sai ya jero maka shafuka goma ya ce je ka duba da kanka. Tarbiyyar da Larry Page da Sergey Brin suka yi masa ke nan tun 1998. Mu kuwa da ƙiwuya ta yi mana katutu, na sama kaɗai muke buɗewa. Wanda ya taɓa leƙa shafi na biyu ya ɗaga hannu a gan shi.

A watan Mayun 2024 malam ya gaji da kwatance. Kamfanin ya ɗora ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, tana kwaso abin da ke cikin shafukan mutane ta dama maka, kai dai sai sha. Ba a rufa sati biyu ba Amurkawa suka fara yaɗa fatawoyinta: wai a zuba gam a miyar pizza don cukwi ya manne, wai kuma a riƙa cin ƙaramin dutse guda kullum. Na farkon tsohuwar zolaya ce da wani ya yi a dandalin Reddit, na biyun kuma daga The Onion ya fito, jaridar da ba ta da sana'a sai ƙaga labaran ban dariya. Ashe malam bai san wasa ba. Sai da kamfanin ya fito ya yi gyare-gyare.

Mun yi wa Amurkawa dariya, alhali namu ya fi nasu. Je ka kemis ka gani. Mutum zai shigo ya riga ya gano cutarsa, ya rubuta wa kansa magani, canji kawai yake jira. In mai kemis ya ce, “Alhaji, ka ga likita kuwa?” sai ya miƙa masa waya. Ɗalibi kuma, wanda a da ko satar rubutu zai yi sai ya biya kuɗin awa a kafe ya buɗe shafuka, yanzu ko sunan wanda ya yi wa satar bai sani ba. Masu shafukan da aka kwashi gumin nasu suna can suna ƙirga baƙin da ba su zo ba.

Amma wanda na fi tausayawa shi ne mai shayi. A da musun ƙwallo nawa Kanu Nwankwo ya ci Brazil a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 kan cinye dare uku, da burodi da ƙwai da rantsuwa. Yanzu yaro zai latsa waya ya ce biyu ne, an tashi 4 da 3, majalisa ta yi tsit, kowa ya nemi takalminsa.

Sai dai Allah ba ya hana bawa rabonsa. Tun da Meta AI ta shigo WhatsApp a Najeriya a Afrilun 2024, ga kuma ChatGPT a gefe, malamai sun yi yawa, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. A majalisa wannan ya ce malaminsa ya ce kaza, wancan ya ce naka tsohon yayi ne, sabunta shi. Na uku datarsa ta ƙare, don haka ya fi kowa ɗaga murya. Mai shayi dai ya ƙara gawayi.