Kada a Yi Gaggawar Garƙame Adaka a Idlès

Ina da ƙorafi a kan 'yan'uwana masu zuwa ci-rani Idlès, can cikin duwatsun Ahaggar na yankin Tamanrasat a kudancin Aljeriya, kuma ƙorafin bai wuce gaggawar da suke yi wa kayan sanyi ba. Mutum ya tashi a Kano ko Damagaram, inda hunturu na janyewa sai bazara ta kama aiki babu ɗaga ƙafa. Da wannan lissafi yake sauka. Rana ɗaya ta gasa masa ƙeya da azahar a watan Maris, sai ya naɗe suwaita da bargo da kashabiyar ulun da ya sha ciniki kafin ya saya, ya danna su ƙasan adaka, ya garƙame da kwaɗo, ya ɗora katan ɗin taliya a kai. Asuba na yi, ga gogan naku tsugune gaban buta yana neman sulhu da ruwan alwala, haƙora na kaɗawa, mabuɗi kuwa ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni.

Wani zai ce ai Sahara ce, wane irin ɗari kuma bayan Fabrairu? To, Malam, ɗaga kai ka dubi dutse. Idlès tana kusan mita 1,400 sama da teku, Kano ko 500 ba ta kai ba, kuma duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6. Tahat, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Aljeriya, mai mita 2,908, a wannan yankin yake. Ga iska busasshiya, babu gajimaren da zai riƙe ɗumin yini, rana na faɗuwa sanyi ya sauko. Azahar ce ta shiga bazara, asuba tana nan a hunturu abinta.

Masu hujja ta biyu sun fi wayo. Su cewa suke in an bar ulu a waje asu zai cinye shi. Kash, ai adakar ce masaukin asu! Tsutsarsa duhu take so, da wurin da babu mai taɓawa, da ulun da gumi da maiƙon miya suka kama. Rigar da ake sawa, ana kakkaɓewa, ana shanyawa a rana, ba ta ba shi zama. Wanda ya cusa kashabiya ba wanki, baƙo ya sauka ya haɗa masa da tuwo, Nuwamba na zuwa ya ciro rariya mai hannuwa biyu. Batun cewa kayan da aka bari a waje za su sha ƙura kam na yarda, amma ƙura ba ta taɓa hana kowa barci ba.

Saboda haka a wanke kayan sanyin, a bari su bushe ƙarau, a sa kafur, a rufe masu nauyin in Mayu ta kama. Suwaita guda da bargo guda kuwa a bar su kan ƙusa. Mabuɗin adakar, don Allah, a rataye shi a wuya.