Idan Imel Ya Daina Shigowa Ofis: Shawarwari Daga Wanda Ya Ji Jiki

Ranar Talatar da ta wuce, da misalin tara da kwata, Hajiya mai kula da kuɗi ta leƙo ɗan ɗakin da nake zama tare da sabar kamfaninmu ta ce, "Injiniya, mutanen Legas sun ce tun jiya suka turo takardar biyan kuɗi, ni kuwa ban ga komai ba." Kafin azahar mutum goma sha ɗaya sun leƙo da irin wannan magana. Sai la'asar ɗin Laraba na gano bakin zaren. Ga abin da na tsinta, domin 'yan'uwana masu kwana gaban allo. Batun kashewa da kunnawa na bar maka, na san ka yi sau uku kafin ka fara karanta wannan.

Na ɗaya, toshe kunnenka daga masu cewa "amma ai yana fita." Kowa sai ya faɗa maka, har mai gadi. Fita daban, shigowa daban. Wajen fita, sabarka ce ke neman adireshin mutane. Wajen shigowa, mutane ne ke neman naka. Wanda aka goge wa lambar gida yana iya zuwa kasuwa kullum, baƙonsa ne zai yi ta yawo a unguwa. Don haka cire wayarka daga layin ofis, kunna data, turo wa kanka saƙo daga Gmail, ka jira abin da zai dawo. Lambar da ke jikin saƙon da ya dawo ita ce maganar: mai farawa da 4 na nufin a sake gwadawa an jima, mai farawa da 5 na nufin an kore shi ke nan.

Wannan lambar ce abokan aiki ba sa taɓa kawo maka. "Ya dawo da wani dogon Turanci," in ji su. Me ya ce? "Wallahi na goge." Wanda ya fi ƙoƙari zai ɗauki hoton allon da waya, hasken fitila ya sauka daidai kan lambar, ya turo maka ta WhatsApp haɗe da "a taimaka". Akwai kuma masu gwaji da kansu. Mutum zai tura wa na kusa da teburinsa saƙo, ya isa nan take, sai ya rugo yana murna, "Injiniya, ya gyaru!" Saƙon nan bai ko leƙa ƙofar gida ba, daga wannan akwati ya faɗa wancan a cikin saba ɗaya. Kafin ka gama bayani labari ya kai wa oga cewa an gyara, oga ya kira mutanen Legas ya ce su sake turowa, su kuma su sake turowa cikin rami.

Na biyu, duba rikodin MX, wato layin da ke cikin kundin adireshi na DNS mai gaya wa duniya wace saba ce ke karɓar wasiƙun kamfaninku. Umarnin nslookup ya ishe ka. Amma don Allah daga waje za ka duba. Ni daga cikin ofis na fara dubawa, ƙaramin kundinmu na cikin gida ya ba ni tsohuwar amsa lafiya lau, na wuce na yi kwana guda ina dukan taiki na bar jaki. Ashe yaron da aka ba kwangilar sabon shafin kamfani ya mayar da ragamar sunanmu na intanet wajen wani mai masaukin shafi tun daren Lahadi, can kuwa babu MX ko ɗaya. Ƙa'idar aika imel ta ce in ba a sami MX ba a kai saƙon adireshin sunan kansa. Haka wasiƙunmu suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar sabar shafi, wadda ba ta san Hajiya ba balle takardar kuɗinta.

Tun safiyar Talata na tsaya tsakiyar ofis na tambaya, "Jama'a, akwai wanda ya taɓa wani abu?" Kowa ya yi tsit. Manajan da ya ba da kwangilar yana zaune, ya sani sarai an ɗora sabon shafi, har barka aka yi masa. Da na kira yaron ranar Laraba cewa ya yi, "Yallaɓai, ni shafi kawai na taɓa, ban je kusa da imel ba." Gaskiyarsa ya faɗa iya saninsa, kuma ban ga laifinsa kamar na wanda ya miƙa masa kalmar sirri bai gaya wa kowa ba. Wannan abu yana ƙona mini rai har yanzu. Kalma biyar a waya da ta tsare mana asarar kwana uku.

Na uku, ƙofa ta 25. Ta nan sabobi ke miƙa wa juna saƙo, ta 587 kuwa ta ma'aikata ce masu aikawa. Ƙwanƙwasa ta 25 ɗin daga waje da telnet. In ka ga 220 ta amsa sallama. In shiru, tambayi katangar tsaro, ko wanda ya canza na'urar rarraba intanet bayan wuta ta ƙona tsohuwar.

Na huɗu, rumbun ajiya. Saba in cikinta ya cika takan ce 452 ta daina karɓa. Za ka tarar rabin rumbun akwatin mutum ɗaya ne, kuma ka san ko waye. Bidiyon walima na shekara shida, an tura wa ma'aikata arba'in, kowa ya amsa wa kowa da "Allah ya sanya alheri" bidiyon na maƙale. Je ka ce, "Ranka ya daɗe, a rage kaɗan," ka ji amsa.

Na biyar, ko na shida ne, oga ya kira sau biyu ina cikin rubutun nan. Duba ko kuɗin sunan kamfani na shekara ya ƙare, domin takardar tuni galibi tana zuwa akwatin ma'aikacin da ya bar aiki tun bara. Wani lokacin kuma laifin ba na kowa ba ne a gidanku: ranar 1 ga Janairun 2022 sabobin Exchange na 2016 da 2019 sun riƙe saƙonni a layi a faɗin duniya, saboda lambar kwanan wata ta sabuwar shekara ta fi ƙarfin ma'aunin manhajar binciken cuta. Sauran shawarwarin, takardar shaidar tsaro da matatar saƙonnin banza, ka san su.

Bayan ka gyara, ka yi haƙuri, ka kuma ba mutane haƙuri. Sabobin duniya na riƙe tsohuwar amsa har wa'adinta ya cika, daƙiƙa 3600 awa guda ke nan, 86400 kuwa kwana cur. Saƙonnin da aka ce su dakata za su yi ta isowa da kansu, domin sabar mai aikawa takan ci gaba da gwadawa kwana huɗu zuwa biyar. Waɗanda aka kora da 5 sun tafi, sai an ɗaga waya an roƙi masu su su sake turowa. Hajiya ta kira mutum goma sha tara ranar Alhamis.

Yanzu na rataye littafi mai shafi arba'in a ƙofar ɗakin saba, da biro ɗaure da zare. Duk wanda ya taɓa wani abu ya rubuta rana da abin da ya taɓa. Ku kuma shugabanni, ranku ya daɗe, in za ku ba wani kalmar sirrin sunan kamfani, ku kira injiniyanku tukuna.